Jela Biyu a Ƙeyar Rakiya

Na ji ku jiya, 'yan koyona, kada ku ce ban ji ba. Ina ɗaki ina ninke kaya ɗaya daga cikinku ta ce wai kitso ba aiki ba ne, a tsaga a tufka kawai, wata uku ya ishe ta ta buɗe shagonta. Sauran kuka kwashe da dariya. To, madalla. Tunda yau ba kowa a tabarma, ku kife wayoyin nan ku matso kusa, in ba ku labarin kai guda ɗaya da ya cinye mini wata bakwai, ni da na shekara ashirin ina kitso kafin in yi masa ɓarna.

A Malumfashi na koyi aikin nan, a hannun Inna Dije, maƙwabciyar gidanmu. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni, ta ce, "Dije, ga Talatu nan, yatsunta ba sa zama wuri ɗaya, ki sama musu abin yi." Shekara guda cur ban kitsa kan kowa ba, tsifa kawai nake yi. In mace ta zo da tsohon kitso, ni zan zauna in tsefe, in jiƙa karkashi in wanke mata da yauƙinsa, in taje, sannan in tashi in ba Inna wuri. Kafin ta zauna kuma sai ta karɓi matajin ta duba yawan gashin da ya maƙale a jiki. In ya yi yawa ba za ta yi faɗa ba, ɗaga shi kawai za ta yi ta nuna wa mai kan, ta ce, "Ga abin da Talatu ta rage miki." Wallahi gara duka. A shekara ta biyu ne ta sakar mini kan ƙannena, su da in na ja da ƙarfi kuka kawai za su yi, ba za su sauya makitsiya ba.

Kayan aikinta duka ba su cika ƙaramar kwalla ba. Akwai mataji na katako, wanda ku kuke ce wa kum, da ƙoƙon man shanu, da ƙullin baƙin zare, sai kibiyar tsaga ta farin ƙarfe da wani maƙeri ya ƙera wa uwarta, ta yi sumul don shan hannu. Kibiyar nan ko 'yar cikinta ba ta ba aro. Ta taɓa ce mini ranar da ta ga hannuna ya nuna, ni za ta ba. Na yi aure na dawo nan Funtua, na haihu, na yi suna a unguwa, har daga Danja mata ke zuwa ranar kasuwa in yi musu kitson da zai yi wata guda ana gona da shi, amma kibiya shiru. Duk Sallah ina zuwa gaishe ta, in saci kallon kwallar, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba. Abu ɗaya da ba za ki taɓa samu a kwallar nan ba shi ne almakashi. Cewa take makitsiya mai raino ce, yanka aikin wanzami ne.

Sai ga shekarar da ta sha ni. Wasu 'yan mata suka zo daga Kaduna suka buɗe salun a bakin babban titi, da madubi bango guda, da janareta, da na'urar busar da kai, da hotunan mata masu gashi kamar an goge shi da dutsen guga. Kafin ki ce kwabo mata sun ɗunguma can. Tabarmata da a da sai mace ta ajiye ɗankwali ta kama layi ta koma wurin kwanciyar kaji. Jajiberin ƙaramar Sallah, ranar da a da ko abinci ba na samun sukunin ci, kai huɗu na yi, biyu daga ciki kuma 'ya'yana ne. Har matar ƙanin mijina na hango tana fitowa daga can, da muka haɗa ido sai ta sunkuya wai tana gyara takalmi.

Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Ran nan na yafa mayafi na je, na ce rakiya na yi, na zauna a benci ina kallo ta wutsiyar ido. Sai na ga wata yarinya da ba ta kai 'yata ta fari ba ta busar wa wata mata da kai har ya miƙe, ta tattaro gashin duka zuwa tsakiyar kai, ta ɗaure da roba, ta ɗaga sama ta datse bakin sau ɗaya. Da ta saki, sai gashin ya zubo hawa-hawa, na sama gajere, na tsakiya ya ɗan fi shi, na ƙeya ya fi su duka. Suna da sunansa na Turanci, ni dai yankan hawa-hawa nake ce masa. Na ce a raina, au, ashe abin ke nan? Daidai irin maganar da kuka yi jiya. A hanyar gida na biya kasuwa na sayi almakashi, da ƙaramar na'urar busar da kai ta hannu, da hoto guda mai matan nan na manna a bango.

Wadda ta fara ɗaga ido ta ga hoton ita ce Rakiya, jikar Inna Dije. Tun daga yaye Inna ta ɗauke ta, kuma tun tana da gashi ɗan tsigi-tsigi take rainonsa da man shanu, har ya kai in an miƙe shi yana taɓa tsakiyar baya. Lokacin Rakiya ta zama malamar firamare a nan Funtua, tana zaune gidan kawunta. Ita kuwa Inna yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin tsaga, shi ya sa ta aiko mini da kan yarinyar, ta ce amana ce. An kuma sa ranar auren Rakiya da wani ɗan Danja mai sayar da hatsi, wanda ita ta kawo shi gida da kanta, aka ce sai bayan kaka in an kwashe amfani. Inna ta riga ta shelanta wa dangi cewa ranar kitson amarya ita za ta shafa mai da hannunta, ita za ta yi kitson farko, da ido ko ba ido.

Ranar Asabar ce, an yi ruwan shuka kwana biyu da suka wuce, maza duk suna gona. Na gama tsefe mata kai, sai ta nuna bango da baki.

"Anti Talatu, wannan fa? Kin iya?"

"Ni kike tambaya ko na iya?"

"Ai ba kitso ba ne, Anti."

"Gashi ne ko ba gashi ba?"

Kun ji abin da ya kai ni. Da ta ce in yi mata ne, da na ce a'a. Amma ta tambaya ko na iya. Allah ya sa akwai wuta, na busar da shi ina tajewa har ya miƙe santal, na tattaro sama, na ɗaure, na datse. Abin da ya faɗo a tabarma ya fi taƙi guda. Da na saki, kai, sai da na yi wa Annabi salati, don ya yi kyau ƙwarai. Rakiya ta riƙe madubi tana juya wuya, gashi na binta hagu da dama. Ta ce, "Anti, ashe haka kike!" Ni ma na ji kaina ya yi girma.

Kyan nan bai kai la'asar ba. Ta yi alwala ta shafi kai da ruwa, ta ɗaura ɗankwali, ta zumbula hijabi, a hanyar gida kuma hadari ya kama ta a kan babur ya yi mata jagab. Washegari da hantsi ta yi sallama, ta shige ɗaki ba ta tsaya tsakar gida ba, ta ce in rufe ƙofa. Da ta zare ɗankwalin sai na nemi wuri na zauna. Na sama ya tsuke ya dunƙule bai fi tsawon ɗan yatsa ba, na gefe ya yi cirko-cirko kowanne da inda ya nufa, na ƙeya ya zubo siriri shi kaɗai. Kai guda ya zama uku, kamar rufin bukkar da iska ta yaye.

A nan na gane kuskure biyu da ko ɗaya a cikinku ba za ta gani a waya ba. Na yanka shi a miƙe, na manta gashinmu da ya ji ruwa gida yake komawa, abin da kika auna taƙi ya dawo rabi. Na biyu kuma, yankan nan na matan da ke barin kai a buɗe ne, masu busarwa da gyarawa kowace safiya. Macen da za ta shafi kai sau biyar a rana, ta wuni cikin ɗankwali da hijabi tana gumin damina, ina ita ina shi? Shekara ashirin hannuna na cikin gashin matan garin nan, na san duk wannan sarai, amma ranar da na riƙe almakashi ko ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Rakiya mai fara'a ce, Allah ya yi mata albarka. Ta kalli madubi ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har da hawaye, ni ma na taya ta don ban san abin yi ba. Can sai ta tsaya cak.

"Anti, Inna fa?"

Ba kibiyar kawai na tuna ba, ko da yake na tuna ta. Amana aka ba ni, na sa mata abin da matar ta hana ni taɓawa tun ina yarinya. Na ji tsoro irin wanda rabona da shi tun ina tsifa a gabanta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Na fara gwada kitson zane, wanda ake ja daga goshi zuwa ƙeya, don shi ta saba. Ina kaiwa tsakiyar kai sai gajerun su ƙare a hannuna, bakinsu ya tsaya a waje. Na cusa, na danne da mai, kwana biyu ta dawo kan ya yi tsiri-tsiri kamar bayan bushiya. Na gwada kalaba, ta sama ta ƙi kwanciya, ɗankwali ya riƙa tsayawa a kai kamar an kifa kwando. Na ce ko mu ɗan yi ƙarin gashi na kanti, ta ce a'a, a Islamiyya an karantar da su babu kyau, ba za ta yi ba. Ta ƙara da cewa ko ta yarda, yatsun Inna sun san roba daga nesa, kuma gaskiyarta.

Magana kuwa ba ta ɓuya a gidan da mata ke shiga. Maƙwabciyata ta ce ruwan albasa, safe da yamma. Muka yi kwana uku, yaran ajin Rakiya suka fara tambayar wa ya zo da miya. Wata ta ce a aske shi tal kwabo ya fito daidai, na ce Allah ya kiyashe mu da amarya mai kan jariri. Har maigidana da ya dawo daga gona ya ji muna ta ƙus-ƙus, ya leƙo ya ce akwai ragowar takin zamani rabin buhu a zaure in muna so. Ban yi masa magana ba sai washegari. Ku riƙe wannan: gashi faɗin yatsa ɗaya yake yi a wata, in ya ji daɗi ke nan. Babu man da zai sa shi gudu, duk mai ce muku akwai, man take son sayarwa. Abin da ke hannun makitsiya shi ne kada wanda ya fito ya karye.

Wajen mako na uku ne Allah ya buɗe mini. Ina wanke mata kai, ta sunkuya a kan baho, na tattaro gashin duka zuwa tsakiyar kai don in matse ruwan karkashi. Sai na ga bakinsa ya haɗu daidai a tafin hannuna, ba dogo ba gajere. Na tsaya ina kallo ruwa na zuba a zanina. Ai haka ne mana, a nan na tattara shi na yanka. Na ƙeya da ya fi tsawo shi ne mai doguwar tafiya kafin ya iso sama, na tsakiya gajere yana nan a gida yana jira. Na ce, "Rakiya, tashi, shuku za mu yi." Shuku dai kun san shi, kitson da ake ɗaukowa daga goshi da gefe da ƙeya duk a hau da shi a haɗe a tsakiyar kai. Na yi shi ƙanana, ba ja, in na zo inda wani gajere ya ƙare sai in lanƙwasa bakinsa a ƙarƙashin na kusa da shi in tufka a kai. Ko ɗaya bai leƙo ba. Ta shafa ta sake shafawa, ta tashi ta taka rawa a tsakar ɗaki da zani a jiƙe.

Daga nan muka kama aiki kamar masu noma. Duk kwana goma tana zuwa bayan an tashi makaranta. Da yatsu nake tsefewa, ba na bari mataji ya shiga sai gashin ya sha karkashi ya yi laushi. Man shanu nake saye wurin wata Bafulatana, in narka in jefa kanumfari don ƙauri, in bi tsaga-tsaga da shi, in fi ba bakin gashin don nan yake fara karyewa. In mun yi shuku sau biyu, na uku sai in naɗe na saman da baƙin zare ya miƙe ya huta. Goshi kuwa ba na kusantarsa da ƙarfi, don in kika matsa wa kai da kitso iri ɗaya, ta gaba yake fara guduwa. Na samu guntun kara nake aunawa, duk wata in yi masa tsaga da reza. Rakiya ta kan kalli karan ta ce, "Anti, masarar Kawu har ta yi goyo, mu muna nan a noman farko."

Saura abu ɗaya da na san ya kamata in yi, na ƙi. Mai son hawa-hawa ya daidaita, dole ta riƙa rage dogon kaɗan-kaɗan, na sama yana biyo shi har su haɗu. In kika bar shi, sirancewa yake yi yana tsagewa. Amma ni ina da aikin da zai yi mini. Duk kitson da na yi, sai in ware mafi tsawo a can ƙasan ƙeya in yi jela biyu, in bar su su leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Na san halin Inna, in Rakiya ta durƙusa gaishe ta, hannu take kaiwa bayan wuya ta shafa. Jelar nan biyu don hannunta na ajiye su.

Da babbar Sallah ta zo Rakiya ta tafi Malumfashi, ta ɗaure kai tamau kamar mai ciwon kai. Ni kuwa, karo na farko tun da na yi aure, ban je ba. Na aika da goro da turare, na ce a gaya wa Inna ƙafa ke damuna. Ƙafata lafiya lau, kunya ce da tsoro suka zaunar da ni. Da Rakiya ta dawo tun daga zaure nake tambayarta.

"Ta taɓa?"

"Ta taɓa."

"Me ta ce?"

"Ta ce sun yi siriri. Na ce damina ce."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce Allah ya ba ƙafarki lafiya."

Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka mun sha.

Aka karye masara, auduga ta fashe, manyan motoci suka cika hanyar kasuwa. Karana ya samu tsaga bakwai. Na sama da a da bai fi ɗan yatsa ba yanzu in an ja shi yana wuce kunne, kan ya cika ya yi baƙi siɗik, amma hawa-hawan na nan, duk mai hannu zai ji. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, makon bikin nan ko tuwo ba ya mini daɗi. Na yi mata shuku na ƙarshe, na bi kowane layi sau biyu, muka hau mota zuwa Malumfashi.

Da hantsi aka yi zaman, a tsakar gidan Inna, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Mata sun cika, ana ta shewa, Rakiya ta sha lalle hannu da ƙafa. Aka fito da Inna aka zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunno, kwallarta a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Rakiya ta zauna a tsakanin ƙafafunta.

"Cire ɗankwalin," in ji Inna.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗora tafin hannu a kan, ta tsaya. Sannan ta fara bin layin kitson da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Duk inda na lanƙwasa bakin gashi na ɓoye, sai yatsan ya tsaya a wurin kamar an kira shi. Ta lalubo kibiya ta tsefe layi uku, ta ja na sama ta auna, ta ja na gefe ta auna. Shewa ta mutu, har mai daka ta ajiye taɓarya.

"Talatu."

"Na'am, Inna."

"Akuya ce ta samu kan yarinyar nan tana barci?"

"Almakashi ne, Inna."

Rakiya ta yi wuf ta ce, "Ni na sa ta, Inna, ni na gani a hoto."

"Ke rufe mini baki, 'yar boko, kai ba ya yanka kansa. Hannun wa?"

"Hannuna ne."

"Yaushe?"

"Da ruwan shuka."

Ta riƙa murza bakin gashin a tsakanin yatsu. Ta shafa goshi, ta shafa bayan kunne, ta kai yatsun hanci ta shinshina. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Ba karyewa, ba amosani, goshi bai ja baya ba." Sannan ta ɗaga murya. "Wa ya ce ki hau da shi sama?"

"Ba kowa, Inna. A wurin wankin kai na gani."

Ta ce uhm. Sai ta kai hannu ƙeya ta kamo jelar nan biyu ta ɗaga su sama kowa ya gani, yadda take ɗaga mataji ina yarinya.

"Wannan jelar ɓeran kuma wa aka ajiye wa?"

Na duba ƙasa ko za ta tsage in shige. Na ce, "Ke aka ajiye wa, Inna."

Tsohuwar nan ta tuntsire da dariya har tana tari, mata suka samu ƙofa suka taya ta. Ta ce, "Ku ji mini ja'ira! Yarinya mai gashi cike da kai ta zo mini Sallah, jela biyu kaɗai suka fito gaisuwa, sauran an ɗaure su kamar ɓarayi, wai ni ban sani ba. Ido na rasa, Talatu, ba hannu ba." Sai dariyar ta ɗauke. Ta juyo da fuska daidai inda nake, ta ce, "Gashi yana tsirowa, ga shi ya tsiro. Sallar da kika ƙi zuwa fa, na zauna a ƙofar ɗakin nan har la'asar ina sauraren sallamarki, wa zai tsiro mini da ita?"

Wannan ce ta kayar da ni. Na yi kuka a gaban mutane, ni da 'ya'yana suka isa aure. Na ce ta yafe mini, ta ce ta ji, in share ido kada in ɗiga wa amarya a kai.

"Almakashin yana ina?"

Yana cikin jakata, don da shi nake yanke zare. Na fito da shi.

"Rage jelar nan daidai da 'yan uwansu. Da kin yi tun masara ba ta yi goyo ba, da yanzu sun kusa haɗuwa."

Na datse su a gabanta, tana riƙe da bakin tana nuna mini iyaka da farce. Da na gama ta miƙo tafi ta ce, "Kawo." Na sa mata, ta ɗaga gefen tabarma ta tura shi ƙarƙashi ta taka da ƙafa. Sannan ta tsefe sauran, ta lakato man shanu ta yi bisimilla ta shafe kan duka, tana yi wa Rakiya addu'a. Wata gwaggo ta ce amarya ai da zane ake kai ta. Inna ta ce, "Wannan da shuku za ta, in dangin miji sun tambaya a ce ni na ce." Ta tsaga layin farko da kibiya, miƙaƙƙe kamar tana gani, ta kitsa shi har sama. Sai ta miƙo mini kibiyar ta ce, "Ƙarasa."

Ban taɓa riƙe ta ba sai ranar. Na yi kitson nan kamar ba na numfashi. Da na ɗaure na ƙarshe, na goge kibiyar da bakin zani na sa mata a hannu. Ta ture.

"Cewa na yi ki ƙarasa, ban ce ki dawo da ita ba. Wadda ta yanka, ban san wa ya koya mata ba. Wadda ta yi rainon wata bakwai, wannan tawa ce."

Kafin shekara ta zagayo kan Rakiya ya daidaita, yau 'yarta ce ke zama a tabarmar nan. Matan da suka gudu ma sun dawo ɗaya bayan ɗaya, wasu da kai a karye, suna tambayar mai rainon gashi. Almakashin kuwa bai sake zuwa Funtua ba, har Inna ta koma ga Allah da shi ake yanka mata ƙullin goro. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ga kibiyar nan a kwalla, ku kalla da ido. To, ga Hajiya can ta yi sallama, kuma daga nan ina hango kitson ya kwana biyu. Ke mai wata uku, tashi ki shimfiɗa mata tabarma ki tsefe. A'a, ajiye kibiyar nan, ɗauki ta roba. In kin gama ki kawo mini matajin in gani.